Komawa Ghana Ba Zuwa Biki Ba Ne

A ganina, iyalin baƙar fata na Amurka da ke shawarar ƙaura zuwa Ghana suna da hujja. Uwar da gabanta ke faɗuwa in ɗanta ya gamu da ɗan sanda, ina ta ga barci? Ghana kuwa ta yi musu marhabin: a 1961 ta karɓi shehun malami Du Bois, ta kuma ayyana 2019 a matsayin Shekarar Komawa Gida.

Amma fa su shirya. A kasuwa za a kira su "obroni", watau Bature. Masu gidaje kan nemi hayar shekara biyu a dunƙule, dalarsu kuma na iya tsawwala wa talakan Akara haya. Da za su ji tawa, su sa yaransu makarantar unguwa, su koyi harshen Tiwi, ko Hausar Nima.