Kafin a tambayi ChatGPT sana'ar yi, a leƙa littafin bashin mai shago

Tun da aka fito da ChatGPT a watan Nuwamban 2022, bidiyoyin "sana'o'i goma da za ka yi da AI" suka cika TikTok da YouTube. Da Meta ta saka tata ƙirƙirarriyar basirar cikin WhatsApp a 2024 kuwa, sai abin ya shiga aljihun kowa. Yau a Unguwar Sanusi ba wuya a ga matashi a majalisa yana tambayar wayarsa wace sana'a zai kafa. Amsar da yake samu ita ce wani yaro a Legas ko Indiya ya samu: rubuta talla, zana tambarin kamfani, buɗe shafin sayar da kaya. Abin da kowa zai samu kyauta cikin daƙiƙa goma ba zai ciyar da kowa ba.

Dabarar da za ta kawo kuɗi tana wurin masu sana'a, kuma ba su da nisa. Ga Kasuwar Barci a Tudun Wada, ga maƙera da kafintocin Panteka, ga shagunan tireda da teloli a kowane layi. Tambayar da ya kamata a yi musu ɗaya ce: wane aiki ne suke maimaitawa kullum, yana cin lokacinsu, idan sun yi sakaci kuma ya jawo musu asara?

Mai shagon tireda zai nuna littafin bashi. Wasu bashin ana rubutawa, wasu a ka ake riƙewa, ƙarshen wata a yi ta musu da maƙwabci a kan mudu biyu na shinkafa. Manhajar rubuta bashi ba sabuwa ba ce, Khatabook ta daɗe tana wannan aiki a Indiya. Amma mai shagon da ke auna gari da hannu ɗaya yana ba da canji da ɗayan ba zai tsaya danne-dannen Turanci ba. Saƙon murya ya saba da shi. Nan ne AI take da amfani na gaske: ya tura murya ta WhatsApp cewa wane ya karɓi kaza, manhaja ta mayar da maganar rubutu, ta ware suna da kaya da kuɗi, ta shigar a lissafi, ranar biya ta tuna masa.

A faɗa abin da sauƙi. Wahalar tana cikin Hausar kasuwa. Idan dattijo ya ce "jaka biyar", naira dubu yake nufi, domin jaka ɗaya naira ɗari biyu ce. Manhajar da aka horar da rubutun intanet tana iya ɗauka jakunkuna biyar aka saya. Haka tiya da mudu da kwano, haka mai shiga Turanci a tsakiyar magana, ga ƙarar janareto da Keke Napep a bayansa. Mutane da yawa wannan ne zai sa su karaya, alhali shi ne jarin ɗan unguwa. Kamfanin Amurka ya fi shi kuɗi da injuna, amma bai san jaka ba, kuma ba zai zauna a benci mako biyu yana sauraron ciniki ba. Wanda ya tattara waɗannan kalmomi ya koya wa manhajarsa, ya mallaki abin da ba a kwafa a dare ɗaya.

Sai dai AI tana kuskure, kuma tana yin sa da cikakken ƙarfin hali. Dubu sha biyar ta koma dubu hamsin sau ɗaya, mai shago ya gama da manhajar har abada, ya kuma gaya wa duk layin. Dole ta riƙa maimaita masa abin da ta ji ya tabbatar kafin ta adana. Sunayen masu cin bashi kuma amana ce; ban da kunyar da tonon asiri zai jawo a unguwa, akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Wannan halin kuskure ne ya sa manhajar ba da shawarar magani ko amsa fatawa ba wurin farawa ba ne, komai yawan masu tambaya.

Akwai kuma lissafin da masu bidiyo ba sa yi. Manyan kamfanonin AI da dala suke karɓar kuɗin aiki, mai shago kuwa da naira zai biya, kuma kowa ya ga yadda naira ta faɗi tun Yunin 2023. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari. Kowane saƙon murya kuɗi ne ke fita. Idan ba a san mai biya ba, yawan masu amfani yawan asara ne. Ba wai 'yan kasuwa ba sa biyan kuɗin fasaha ba: bayan ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, na'urar Moniepoint da OPay ta shiga shaguna, ana cire musu caji suna haƙuri, saboda ta taɓa cinikinsu kai tsaye.

Shi ya sa gwajin farko ba ya buƙatar rubuta manhaja ko kaɗan. Matashi ya samu shaguna biyar, su riƙa turo masa murya, shi da kansa ya riƙa shigar da lissafin yana mayar musu kowane dare. Bayan mako biyu ya nemi su biya, ko da kuɗin katin waya ne. In sun biya, sai ya nemi hanyar da AI za ta karɓi aikin. Wuraren koyo kamar CoLab a nan Kaduna da shirin 3MTT na gwamnatin tarayya suna nan don wannan matakin. In sun ce sai sun yi shawara, ya tsira da kuɗin datarsa, ya wuce shagon tela na gaba, inda awon mutane da ranar karɓar ɗinki ke cakuɗewa duk daren Sallah.