RAN WA MUKE TSAREWA?

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Akwai wata magana da muka daɗe muna naɗewa cikin tabarmar kunya, ita ce maganar zubar da ciki. Duk ranar da aka tayar da ita a zauren muhawara, nan da nan sai a rabu gida biyu. Waɗannan su ce kisan kai ne, magana ta ƙare. Waɗancan su ɗauko taken mutanen Amurka su ce jikin mace nata ne, magana ta ƙare. Kowa ya watse yana jin shi ya yi rinjaye, ita kuwa yarinyar da ake gardama a kanta tana can kwance a bayan wani kemis, jini na zuba. Ni abu guda nake so in faɗa wa 'yan'uwana ɗalibai: dokar da ke hannunmu ta kasa hana zubar da ciki. Abin da ta iya shi ne zaɓen wadda za ta mutu, kuma kullum 'yar talaka take zaɓa.

Bari mu fara da dokar kanta, domin da yawa daga cikin masu kare ta ba su san asalinta ba. A Final Kod, wadda aka fara aiki da ita a Jihar Arewa a 1960, sashe na 232 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14 ga wanda ya zubar wa mace da ciki, sai fa in don ceton ranta aka yi. Har yau wannan ƙofa guda ce kawai a buɗe, ko a Arewa ko a Kudu. To, daga ina muka samo dokar? An kwaikwayo ta ne daga ta Sudan, ita kuma daga ta Indiya wadda Turawan mulkin mallaka suka tsara a 1860. Ingila ta sake tata dokar a 1967, Indiya ta sake tata a 1971. Sudan ma, a dokarta ta 1991, ta yarje wa wadda aka yi wa fyaɗe muddin cikin bai wuce kwana 90 ba. Masu kaya sun sauke, mu 'yan aro muna nan ɗauke da shi, har muna rantsuwa cewa gādon kakanninmu ne.

Shin dokar ta yi aikin da aka kafa ta dominsa? Cibiyar bincike ta Guttmacher ta ƙiyasta cewa a shekarar 2012 kaɗai an zubar da ciki wajen 1,250,000 a Nijeriya, alhali doka na nan daram. Abin tambaya shi ne a ina ake yi, kuma a hannun wa. 'Yar mai hali, sai a kai ta asibitin kuɗi da dare, ƙwararren likita ya duba ta, jibi ta koma makaranta ba wanda ya ji. 'Yar mai faskare kuwa sai jiƙe-jiƙe da hannun wanda ko allura bai iya ba. In jini ya ɓalle ko mahaifa ta ruɓe, tsoron 'yan sanda da tsoron bakin duniya su hana ta zuwa asibiti sai ta galabaita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata wajen 82,000 ne suka mutu a Nijeriya a 2020 ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da rubu'in na duniya duka, kuma zubar da ciki a ɓoye yana cikin sanadan da likitoci ke lissafawa. A gidan makoki dai ce mana ake yi zazzaɓi ne.

Wani zai ce ai sakaci aka yi, a ƙara tsanantawa. An gwada haka a Romaniya. A 1966 gwamnatin Ceausescu ta kafa doka mai lamba 770 wadda ta toshe kusan kowace ƙofa, har ana bin mata wuraren aiki ana duba su ko suna da ciki. Haihuwa ta kusa ninkawa a 1967, sa'an nan ta yi ta sauka, domin mata sun koma ɓoye. Kafin a soke dokar a Disamba 1989, an ƙiyasta cewa mata wajen 10,000 sun rasa rayukansu, gidajen marayu kuma sun cika da yaran da iyaye suka kasa riƙewa. In gwamnati mai 'yan leƙen asiri a kowane lungu ta kasa, ina ga mu?

Wani kuma zai ce ai dokarmu ta yarda a ceci ran uwa, me kuma ake nema? Irin wannan dokar ce ƙasar Ayalan take da ita sa'ad da Savita Halappanavar, likitar haƙori 'yar asalin Indiya mai shekara 31, ta fara ɓarin cikin mako 17 a birnin Galway a Oktoba 2012. An tabbatar ɗan ba zai rayu ba, ta roƙa a cire, aka ƙi saboda zuciyarsa na bugawa. Kafin a yarda cewa ranta na cikin haɗari, guba ta riga ta shiga jininta, ta rasu. Dokar da ta ce likita ya jira sai mace ta kai bakin kabari, ta mance cewa daga bakin kabari ba kowa ke dawowa ba. A 2018 mutanen Ayalan suka jefa ƙuri'a, kashi 66 cikin 100 suka ce a sake doka.

Yanzu mu zo ga babbar hujja, wadda ban raina ta ba ko kaɗan. Ɗan tayi ba haƙori ba ne da za a cire a yar. Halitta ce mai alfarma, kuma duk wanda ya mai da zubar da ciki abin wasa ba na tare da shi. Amma masu cewa addini ya rufe magana, su koma ga littattafan fiƙihu. Gaskiya ne mashahurin zance a mazhabar Malikiyya, wadda muke bi, shi ne hani tun daga shigar ciki. Duk da haka, a cikin Malikiyyar, Lakhmi ya halatta kafin kwana 40. Malaman Hanafiyya da yawa sun halatta kafin kwana 120, wato kafin busa rai, in akwai uzuri. A 1990 majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yarda a cire cikin da bai kai kwana 120 ba, in kwamitin likitoci ya tabbatar da mummunar nakasa marar magani. Tunisiya, ƙasar da Malikiyya ta yi ƙarfi, ta halatta a wata 3 na farko tun 1973. Inda manyan malamai suka yi saɓani cikin ladabi, bai kamata ɗalibi ya miƙe ya kafirta ɗan'uwansa ba.

Sai masu cewa sassauci zai buɗe ƙofar alfasha. Laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani. Ciki mutum biyu ke yin sa, amma mutum ɗaya ke ɗaukar kunyarsa. Ita a kore ta daga makaranta, a kore ta daga gida, shi kuwa ya gama karatunsa, ya hau kujera, har ya zo yana yi mana wa'azin tarbiyya. Wa ma ya ce duk masu wannan hali 'yan mata ne masu yawo? Akwai matar aure mai ciwon zuciya wadda likita ya ce wani cikin zai kwantar da ita. Akwai yarinya 'yar shekara 13 da wani babba a gidansu ya lalata. Akwai matan ƙauye da 'yan bindiga suka sace, aka biya fansa, suka dawo da ciki. Wace alfasha suka yi? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wadda za ta ɗauki cikin wata 9, ta shiga naƙuda, ta yi reno, ita ce kaɗai ba a tambaya.

Ba sai mun ari taken Amurka ba. Su kansu Kotun Ƙolinsu ta ba da wannan 'yanci a 1973, ta kuma janye shi a 2022, kowace jiha ta kama gabanta. Muna da namu alkawarin a nan gida Afirka. Yarjejeniyar Maputo ta 2003, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2004, ta ce a sashe na 14 a yarje wa mace a asibiti in cikin na fyaɗe ne, ko na muharraminta, ko yana barazana ga lafiyarta ko ranta. Mun sa hannu, mun ajiye takarda a durowa.

Saboda haka ga abin da nake kira a yi. Majalisun dokoki su cika wannan alkawari. Duk macen da ta zo asibiti jini na zuba, a yi mata magani ba tare da barazanar kiran ɗan sanda ba. A sauƙaƙa wa ma'aurata hanyoyin tazarar haihuwa, domin rigakafi ya fi magani. A kama namijin da ya yi ciki ya ɗauki nauyinsa. Mu kuma ɗaliban Hausa, aikinmu ne mu kai wannan magana zauruka da gidajen rediyo cikin harshen da uwayenmu ke ji.

Wanda ya ce rai yake tsarewa, to, ya ƙidaya da na uwar. Allah ya nuna mana gaskiya, ya ba mu ikon bin ta. Wassalam.