Wa Ya Naɗa Mai Gida Alƙali?

A Abuja da Kano da Kaduna, masu gidaje da yawa kan karɓi kuɗin ajiya daga ɗan haya kafin su miƙa masa makulli, domin gyaran abin da zai ɓata. Amana ce, amma ranar tashi sai ta koma ganima. Fentin da rana ta dusashe, da famfon da tsufa ya kashe, da silin da damina ta jiƙa, duk sai a jibga wa ɗan haya, alhali kuɗin hayarsa sun riga sun biya wannan tsufan.

Tushen zaluncin guda ne: mai gida shi ne mai ƙara, shi ne shaida, shi ne alƙali, kuma kuɗin na aljihunsa. Hausawa sun daɗe da sanin ba a ba kura ajiyar nama.

Tabbas akwai 'yan haya maɓarnata, kuma wajibi ne su biya. Amma wa zai auna ɓarnar? A Ingila, tun 2007 doka ta wajabta sanya irin waɗannan kuɗi ƙarƙashin kariyar hukuma mai zaman kanta, wadda ke raba gardama bisa hujja; dokar 2019 kuma ta ƙayyade su ga hayar mako biyar a yawancin gidaje. Dokar haya ta Legas ta 2011 ta tilasta ba da rasit na daban.

Majalisun jihohinmu su ɗora daga nan: a rubuta halin gida ranar shiga, a damƙa kuɗin ga na uku, wanda ya ce an yi ɓarna ya kawo hujja.