Baje Koli Ba Wurin Kallo Ba Ne: Kira Ga Masu Sayar Da Kayan Motsa Jiki

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi kira ga 'yan uwana ƙananan 'yan kasuwa na karkara. Ni manomi ne, da damina ina gona, da rani kuma ina bin kasuwannin ƙauye da 'yar kolina ta ƙwallo da jesi da kambas da igiyar tsalle da sauran kayan motsa jiki. Maganata a kan baje koli ce, domin da yawa daga cikinmu sai su kashe kuɗin mota da na shiga, su wuni suna yawo, su dawo gida da leda cike da takardun talla, ba su ƙaru da komai ba.

Malam Edita, wannan sana'a tamu yanzu ba abin rainawa ba ce. A da baƙauye ba ya bukatar a ce masa ya motsa jiki, fartanya da jan ruwa da tafiyar ƙasa sun ishe shi. Yanzu babur ya shiga ko'ina, hawan jini da ciwon suga sun yi yawa, likita kuma sai ya ce a riƙa motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya samu aƙalla minti 150 a mako, wato kamar rabin awa kullum har kwana biyar. Ga samari kowace unguwa da kulob ɗinta na ƙwallo, ga 'yan dambe da kokawa, ga masu shirin shiga soja suna gudu da asuba. Duk waɗannan masu saye ne.

A ƙasashen Turai wannan sana'a tana da baje kolinta na kanta. Akwai wanda ake kira FIBO a birnin Kolon na Jamus, an fara shi tun 1985, masu ƙera kaya da masu gidajen motsa jiki suna haɗuwa su ƙulla ciniki su saurari lacca. Irinmu ba ya iya zuwa can, amma muna da namu kusa, inda ake samun rumfunan kayan motsa jiki a cikin sauran kaya. Akwai baje kolin Kano da ƙungiyar KACCIMA take shiryawa a titin Gidan Zu, wajen ƙarshen Nuwamba zuwa farkon Disamba. Akwai kuma na Kaduna da KADCCIMA take shiryawa a kan hanyar Zariya, wajen Fabrairu zuwa Maris. Na Kano yana zuwa daidai da kaka, lokacin da manomi ya sayar da wake ko waken suya yana da ɗan abin hannu. To nan haɗarin yake, domin kuɗin da ya ci wata biyar na gumi yana iya narkewa a wuni ɗaya.

Na farko, shiri daga gida ake yin sa. Ka samu ɗan littafi ka rubuta abin da masu saye suka yi ta tambayarka ba ka da shi, ka rubuta kuma farashin da kake sarowa a Sabon Gari ko wajen 'yan gwanjo a Ƙofar Wambai. Wanda bai san farashin kasuwa ba, duk abin da aka gaya masa ragi ne. Sannan ka raba kuɗinka, na mota da abinci daban, jari daban, kada ka ɗauki uwar kuɗi duka ka shiga da ita.

Na biyu, ka zaɓi rana. Asabar da Lahadi ranakun 'yan kallo ne da yara, ga kiɗa ga turereniya, mai rumfa ba shi da lokacinka. Ka je ranar aiki da hantsi, ka zagaya duka tukuna kafin ka taɓa aljihu. In da hali ka koma a kwanakin ƙarshe, domin mai kaya ya fi son ya rage maka da ya biya mota ya mai da su.

Na uku, kuma shi ne babba, ka yi tambaya, mai tambaya ba ya ɓata. Shin mai rumfar nan shi ke yin kayan, ko wakili ne, ko kuwa ɗan kasuwa ne irinka da ya kama haya? Nawa ne dozin, nawa ne katan, kuma daga guda nawa sari yake farawa? In an tashi baje koli ina shagonsa yake? In kaya ya lalace zai karɓa? Ka karɓi lambar waya ka buga a gabansa ka ji ta shiga, ka karɓi rasit mai adireshi. Kada ka biya kuɗin kayan da aka ce sai an aiko daga baya wajen mutumin da ba ka san shagonsa ba, wannan cinikin biri a sama ne.

Na huɗu, ka tuna da inda za ka kai kayan. Injin nan na gudu a wuri ɗaya yana da ban sha'awa, amma wuta yake ci, mu kuwa garinmu sai a yi kwanaki ba a kawo ta ba, in ya lalace kuma ba mai gyara. Tun 2023 da aka cire tallafin man fetur, darajar naira kuma ta faɗi, kayan waje sun fi ƙarfin talaka. Saboda haka ni abin da nake dubawa shi ne abin da za a iya yi a gida. Bencin ɗaga ƙarfe da sandarsa, in ka duba da kyau ka auna, mai walda zai haɗa maka irinsa, masu ƙira irin na Panteka a Kaduna kuwa sun fi haka ma. Jesi da gajeren wando tela zai ɗinka in ka samo yadin da ya dace. Ƙwallo kuwa ka duba ɗinkinta da bakin iskarta, ka ce filinku tsakuwa ne da ƙaya, ba ciyawa ba. Araha ba ta ado, in ta fashe a kwana uku yaran kulob ba za su ƙara tsayawa a gabanka ba.

Na biyar, a yi hattara da garin ƙara ƙarfi da shayin rage tumbi da ake tallarsu da lasifika. Duk wanda ba shi da lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, kada ka saro shi kome ribarsa. A ƙauye kowa ya san kowa, in ɗan wani ya sha ya kwanta, ƙofar gidanka za a zo, mai rumfa kuwa ya daɗe da naɗe tabarmarsa.

Na san wasu za su ce ai kayan baje koli sun fi na kasuwa tsada, wurin manya ne. Akwai gaskiya a ciki, domin mai rumfa sai ya fitar da kuɗin hayarsa. Amma riba ba a kayan da ka ɗauko ranar take ba. Ribar ita ce sanin sabon kaya kafin ya cika kasuwa, da sanin mutumin da zai riƙa ba ka sari ba tare da dillali a tsakani ba. Kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: mutum biyar ko shida su haɗa kuɗi su tura biyu masu wayo, a sayi katan a raba, an rage kuɗin mota an samu farashin sari. In an dawo kuma kada a bar lambobin nan su yi wata a aljihu, a buga cikin makon kafin a manta da fuskarka.

A ƙarshe ina kira ga masu shirya baje koli da su tuna da mu. Laccocin da ake yi a wurin yawanci da Turanci ne, a ware ko da rana ɗaya a yi da Hausa, a sanar a rediyo da wuri, a kuma sassauta kuɗin shiga ga ƙungiyoyin 'yan kasuwar karkara. Kayan birni ta hannunmu suke isa ƙauye.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, amin. Haza wassalam.

Naku mai karatu kullum,
Manomi ɗan koli,
Ƙaramar Hukumar Bichi, Jihar Kano.