Baƙar giyar Jamus da kokon 'ya'yan Rimawa

Na san kan wannan magana zai sa wasu masu karanta shafin nan su ɗaure fuska, musamman dattawanmu na ikilisiya waɗanda suka ƙare ƙuruciyarsu suna yaƙi da shaye-shaye a ƙauyukanmu. Ina roƙonsu su yi haƙuri su bi ni har ƙarshe kafin su yanke mini hukunci. Ba kiran kowa nake yi ya sha giya ba, ni kaina ba mashayi ba ne.

A bara waccan, cikin azumin kwana arba'in da ake yi kafin Ista, na kai ziyara gidan wani tsohon abokin aikina a Kaduna. Tare muka yi aikin malamin gona a fadamun Wurno da Goronyo shekaru da dama kafin mu yi ritaya. Ɗansa ya dawo daga karatu a ƙasar Jamus, cikin tsarabar da ya kawo wa mahaifinsa har da kwalba biyu ta wata baƙar giya mai suna Salvator. Abokin nawa ɗan Katolika ne, su a wajensu ɗan kurɓi ba laifi ba ne muddin ba a kai ga maye ba. Ya zuba mini abin da bai kai rabin kofi ba, ya ce, "Malam, ba sha na ce ka yi ba. Ka sansana, ka ɗanɗana, ka gaya mini abin da hancin malamin gona ya ji."

In ka dube ta a kofi sai ka ce baƙa ce, amma da ka ɗaga ta wajen hasken taga sai ka ga ja ce mai duhu, kamar tsohuwar zuma. Kumfarta ba fara ba ce sol, tana da launin fura. Yaron ya hana a sa ta cikin ƙanƙara, ya ce sanyi mai yawa yana kashe ƙanshinta, sanyin ruwan randa ya isa. Ƙanshin kuwa na ɓawon burodi ne da dabino, da wani abu kamar ƙanzon da ake kankarowa daga gindin tukunyar tuwo. A baki tana da kauri da nauyi, zaƙinta irin na mazarƙwaila ke fara zuwa, sai can a ƙarshe ɗan ɗaci ya biyo baya ya share zaƙin, wato akasin goro, wanda ɗacinsa ke riga zaƙinsa. Kurɓi uku na yi na ji ɗumi ya sauka ƙirjina, na ajiye kofin. Barasar da ke cikinta kashi 7.9 ce cikin ɗari, alhali kuwa giyar kwalba da aka saba gani a Nijeriya ba ta cika wuce kashi 5 da ɗan abu ba. Baƙar Guinness ta nan gida, mai kashi 7.5, tana kusa da ita.

Tarihinta yana da alaƙa da azumin da muke ciki a ranar. Wasu masu zaman zuhudu ne na ɗariƙar Faransis na Paola suka fara dafa ta a birnin Munik na jihar Bavariya. Ƙa'idarsu ta hana su nama da ƙwai da madara, saboda haka a lokacin azumi sai su dafa giya mai kauri da hatsi mai yawa, wadda har yau Jamusawa ke kwatanta ta da burodi mai ruwa. A shekarar 1634 masu sana'ar giya na birnin suka kai ƙararsu gaban hukuma cewa suna kashe musu kasuwa, kuma sai a 1780 aka ba su izinin sayarwa ga kowa. Sunan Salvator ma'anarsa Mai Ceto, abin da ni dai har yanzu bai kwanta mini ba, a ce an liƙa wannan suna a jikin kwalba. Ban kuma yarda da masu ɗaukar labarin su mai da shi hujja ba. Mutumin da ya zuba abu mai ƙarfin nan a cikin da babu abinci, ko mai zuhudu ne ko direban tirela, ƙafarsa za ta gaya masa gaskiya.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wata doka da sarakunan Bavariya suka kafa a 1516, wadda ta ce ba a yin giya sai da sha'ir da ruwa da wani fure mai ɗaci da suke kira hof. Ɗaya daga cikin dalilan dokar shi ne a bar alkama ga masu burodi, kada tukunyar giya ta cinye abincin jama'a. Duk wanda ya ga yadda burkutu ke ƙarar da rumbun gida tun kafin damina ta faɗi zai gane hikimar wannan.

To, me hancin malamin gona ya ji? Ya ji tsakar gidan kakata a ƙasar Zuru. Wannan ƙanshi na ɓawon burodi da ƙanzo, ƙanshin tsiro ne, wato hatsin da aka jiƙa ya tsira aka shanya. Jamusawa suna jiƙa sha'ir, su bar shi ya yi tsiro, su busar da shi da wuta mai zafi har ya yi duhu, daga nan launi da zaƙin giyar ke fitowa. Kakata da dawa take yin nata a kan tabarma, ta rufe da jiƙaƙƙen buhu, tana yayyafa ruwa safe da yamma. Ba ta san sunan abin da ke faruwa cikin ƙwayar ba, amma ta san in ƙwaya ta tsira tana fitar da wani sinadari da ke narkar da sitaci ya mai da shi sukari. Bambancinta da Bajamushe kawai shi ne shi yana da ma'aunin zafi da ɗakin sanyi inda yake ajiye giyarsa makonni ta kwanta, ita kuwa ido da harshe ne ma'auninta.

Manyan kamfanonin ƙasar nan sun daɗe da gane darajar wannan sani. A watan Janairu na 1988 gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje, sai dole ta sa masu yin giya da masu lemon malt suka juyo ga dawa da masara. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, Zariya, tana da irin gajeren kaura mai lamba SK5912 wanda aka samu yana yin tsiro mai kyau, kamfanoni suka yi ta nemansa. Ko bayan da aka ɗage haramcin ba su saki dawa ba, har kamfanin Nigerian Breweries ya samu babbar masana'antar tsiron dawa a Aba a 2008. Manomin da ya sayar wa dillali buhun farfara ko kaura a kasuwar Goronyo ko Achida bai san inda za ta ƙare ba. Tana iya komowa hannunsa cikin kwalbar Maltina ranar sunan ɗansa, ya biya kuɗin da ya ninka abin da aka ba shi nesa ba kusa ba. Wannan hasara ce, amma ba ita ce ta sa na ɗauki alƙalami ba.

Abin da ya sa shi ne koko. Jihar Sakkwato tana cikin jihohin da suka fi yawan yara masu tamowa a ƙasar nan, kuma rashin tsaro ya ƙara dagula al'amarin a gabashin jihar, inda 'yan bindiga suka kori mutane daga gonakinsu, har suka auka wa kasuwar Goronyo kanta a watan Oktoba na 2021 suka kashe mutane da yawa. Amma tun kafin wannan masifa, lokacin da nake yawo gida gida a Wurno da Rabah da ƙauyukan bakin gulbin Rima, na sha ganin yaro mai tamowa a gidan da rumbunsa ke cike. Dalili ɗaya shi ne yadda ake dama kokon yaye. Cikin yaro ɗan wata bakwai ko takwas ƙarami ne, abu mai kauri sosai kuma yana yi masa wuyar haɗiya. Uwa sai ta tsinka kokon da ruwa har ya zama tsararo don ya shiga. Yaro ya sha ya ƙoshi, cikinsa ya yi tim, amma mafi yawan abin da ya sha ruwa ne. Uwar ba ta yi sakaci ba, ta yi abin da aka koya mata.

Garin tsiro yana warware wannan cikin 'yan mintoci. A dama koko mai kauri sosai, wanda cokali zai tsaya a ciki. A sauke shi ya ɗan huce, amma da sauran ɗuminsa, a barbaɗa ƙaramin cokali ɗaya na garin tsiro a juya. Kana kallo kokon zai saki ya zama ruwa-ruwa ba tare da an ƙara masa ko ɗigon ruwa ba, ya kuma yi ɗan zaƙi ko babu sukari. Sai a mayar da shi wuta ya sake tafasa kafin a ba yaro. Ta haka kofi ɗaya zai ɗauki gari ninki biyu ko fiye na wanda aka tsinka da ruwa. In an samu ƙuli-ƙuli ko garin waken suya ko ɗan man gyaɗa aka ƙara, to madalla. A ƙasar Tanzaniya tun shekarun 1980 ma'aikatan lafiya suka yi ta koya wa iyaye mata wannan dabara da garin da suke kira kimea. Mu a nan masu kunun zaƙi suna sa tsiro don kununsu ya saki ya yi zaƙi, amma ban taɓa ganin an kai shi ga kwanon jariri ba.

Sai dai a kula, tsiron dawa yana da dafi. Kowane makiyayi a Rimawa ya san abin da gyauron dawa ke yi wa akuya ko saniya, wannan dafin ne ke cikin ɗanyen tsiro da saiwarsa. Shi ya sa bayan an jiƙa dawar kwana ɗaya ana sauya ruwa, an bar ta kwana biyu zuwa uku ta tsira, dole a shanya ta ta bushe ƙayau, a murje tsiron da saiwar da hannu, a sheƙe su a zubar, ƙwayar kaɗai za a niƙa. Wadda ta yi fumfuna kuma a zubar da ita duka, kada a yi tsumulmular tsince ta. Wannan aiki ne da ba a koyonsa daga jarida, har da wannan da kuke karantawa. Sai a zauna kusa da wadda hannunta ya saba.

A nan ne matsalar take. Waɗanda hannunsu ya fi sabawa su ne tsofaffin matan da a dā suke dafa burkutu. Da suka shiga ikilisiya suka fasa tukwanen, muka yi murna, kuma murnar tana kan hanya. Amma sai muka haɗa tsiron da giyar muka jefar tare, har ta kai mace tana jin kunyar a ga tsiro a shanye a gidanta kada a kai ƙararta wajen dattawa. A Rimawa kuwa, inda kusan kowa Musulmi ne kuma jihar ke bin shari'ar Musulunci tun shekarar 2000, matar da baƙuwa ce a gari, Kirista, in aka ga ta shimfiɗa jiƙaƙƙiyar dawa a tabarma, zargin da zai fara zuwa zuciyar maƙwabta kowa ya san shi. Wata 'yar'uwa da mijinta ke aikin asibiti a yankin ta gaya mini a cikin ɗaki take shanya nata, ƙofa a rufe, rabinsa ya yi fumfuna.

Gaskiyar magana ita ce babu barasa ko kaɗan a garin tsiro. Barasa ba ta samuwa sai an dafa ruwan tsiron, an sa masa yisti, an bar shi ya kwana yana tsima. Kokon da aka dama aka sake tafasawa aka ba yaro nan take, hukuncinsa ɗaya da kunun zaƙin da ake buɗa baki da shi a watan Ramadan. Ina ganin ya kamata fastocinmu su faɗi wannan a fili ranar Lahadi, su kuma je su zauna da limamai da hakimai na Wurno da Rabah da Goronyo a faɗa wa jama'a da baki ɗaya, domin yaran da abin ya fi shafa a can 'ya'yan maƙwabtanmu Musulmi ne, kuma uwa ba za ta karɓi gari daga hannun baƙuwa ba sai malamin unguwarta ya ce babu laifi. Zumuntar mata kuma ta nemo tsofaffin nan tun suna da rai, ta zaunar da su gaba, su koya wa matasa da ungozoma da ma'aikatan ɗakin shan magani. Abin da ake bukata bai wuce mudu ɗaya na dawa da buhu da tabarma ba.

Da na koro wa abokina wannan bayani a ranar, dariya ya yi ya ce shi giya ya ba ni in ɗanɗana, ni kuma na ɓuge da kokon jarirai. Kwalba ta biyu ya ce zai ajiye sai ranar Ista. Matarsa kuwa, wadda ke jinmu daga madafa, ta leƙo ta tambaye ni kwana nawa na ce ake barin dawar ta tsira, domin jikarta ta shiga wata na bakwai.