Inji bisa jirgin su: a auna kafin a ɗaura



Wata magana ta fara yawo bakin ruwayenmu. Samarin da sunka je cin rani Yawuri ko Gaya sun ga jirage masu inji bisa Kwara. Sun dawo suna cewa mu ma lokaci ya yi. Ga ra'ayina tun da fari: injin esansi bai dace da ruwanmu ba. In ana son inji, a ɗaura ƙaramin nan mai batir. Kuma ƙungiya ta saye shi, ba mutum guda ba. Ku karanta dalilina, kana ku yanke.

Mu fara duba ruwan da muke da shi. Kwara kogi ne mai zurfi, mai tafiya. Mu ba mu da kogi. Muna da barajin Mozage da na Zongo bisa Maggiya. An gina su don ban ruwan gonakin Konni, waɗanda anka shirya tsakanin 1976 da 1982. Ruwansu na bin kanal har Cerasa kafin shi shiga gonaki. Muna da barajin Galmi, uwar albasa. Muna da tabkin Dan Dutsi, yamma da Illela, wanda ya cika ya girma da ruwan 1974. A 2005 anka sa shi cikin wuraren ruwa da duniya ta yarda a kiyaye, saboda tsuntsayen da ke sauka can. Duk waɗannan ruwaye ne na zaune. Laka na cike su kowace shekara. Da bazara ta kama, sai su ja baya, wani wuri gwiwa ma ba ta nutsewa.

To mi injin esansi za shi yi cikin irin wanga ruwa? Ƙananan injunan da ake gauraya musu mai da baƙin mai ba su ƙone shi duka. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na fita ɗanye, shi faɗa ruwa. Cikin kogi ruwa na tafiya da shi. Cikin baraji nan za shi zauna. Shanunka su sha, mata su yi wanki, sauran shi bi kanal zuwa alkama da albasa. Ga ƙara mai korar kifi. Ga kuɗin mai. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayu 2023, kowa ya san abin da kwalba ta koma wurin ƴan ruwa-ruwa. Masuncin da ke neman kifin jika biyu ko uku a wuni, ina za shi kai wanga nauyi?

Inji mai batir dabam ne. Ba sabon abu ba ne. Wani mutumin Amurka, O. G. Schmidt, ya ƙera irinshi a garin Fargo a 1934. Can masu sun shaƙatawa ke aiki da shi, don su matsa kusa da kifi ba tare da hayaniya ba. Siffarshi mai sauƙi ce: bututu dogo, ƙasanshi inji da farfela cikin ruwa, samanshi hannun tuƙi. Ba shi shan mai, ba shi hayaƙi, ƙararshi ba ta wuce ta fanka ba.

Amma ku ɗauko alli, mu yi lissafi kamar yadda kunka koya a ajin yaƙi da jahilci. Ƙaramin cikinsu na turawa da ƙarfin kilo 14. Ƙa'idar masu ƙera shi ita ce kilo 1 na turi ga kowane kilo 50 na nauyi. Ke nan kilo 700, a haɗa da jirgin da mutane da taru da batir. In ka buɗe shi duka, shina shan wuta kamar ampa 30. Batir mai lamba 100 ba a son a sha fiye da rabinshi, in ba haka ba shi mutu da wuri. Rabin 100 shi ne 50. Raba 50 da 30: awa ɗaya da minti 40 ke nan. In ka tafi sannu, za shi kai ka awowi da yawa. Gudunshi kuwa bai fi na mutum mai sauri a ƙasa ba. Wanda ke son tsere, wanga ba nashi ba ne. Kuma kada a yaudare ka da batirin mota. Na mota an yi shi don shi tada inji sau ɗaya. Wanda ake so shi ne irin na hasken rana, mai jure sha da cikawa. Pano mai wat 200 na iya maida abin da ka sha cikin wuni guda na rana mai kyau.

Yanzu maganar ɗaurawa. Nan ne hankali ya fi amfani, don inji mai kyau bisa katako ruɓaɓɓe asara ce.

An ƙera injin don jirgi mai gindi shimfiɗe, inda za a maƙala shi da matsai biyu. Jiragenmu da yawa gindinsu tsini ne. Saboda haka sai ka nemi kafinta shi gitta katako bisa bakin jirgi, kusa da gindi. Katakon shi zama mai tauri, kamar maɗaci, kaurinshi santimita 4. Gefe guda shi wuce bakin jirgi da kamar taƙi ɗaya. Bisa wanga kunne a kafa guntun katako tsaye, nan injin za shi kama. A ɗaure da ƙusa mai noti, wadda ta ratsa ta fito ɗaya gefen. Ƙusar bugawa ba ta yi. Girgizar inji na zare ta sannu-sannu, kai ba ka sani ba. In jirgin na ƙarfe ne, mai walda shi yi wanga aiki.

Ka matse matsan da hannu, kada ka sa musu guduma. Sannan ka ɗaure injin da igiya ga jikin jirgi. Ran da matsi ya saki, igiyar nan ce za ta hana shi kwana cikin laka.

Farfela ta nutse kamar santimita 30 ƙarƙashin ruwa. In ta yi sama, iska take sha, ta yi ta kumfa jirgi na tsaye. In ta yi ƙasa ƙwarai, sai ta tona laka ko ta bugi kututture. Kada ka manta Dan Dutsi gonaki ne da itatuwa ruwa ya cinye. Da ka kusa gaci, ka kashe inji, ka ɗaga shi, ka ɗauki gora.

Batir na da nauyin kusan kilo 30, ƙaramin buhu ne. Kada ka aje shi gefen da inji yake, jirgi za shi karkata. Ka sa shi ƙasa, wajen tsakiya, cikin akwati mai murfi, bisa katako don ruwan cikin jirgi kada shi taɓa shi. Ka ɗaure akwatin. Waya ta zama mai kauri, ja ga alamar ƙari, baƙa ga alamar ragi. Kusa da batir, bisa jar waya, a sa fis mai yanke wuta. Siririyar wayar rediyo za ta yi zafi ta narke. Gwajin farko a yi shi bakin gaci, ba kaya, ba yara.

Babban abokin gabar wanga inji shi ne zaren taru. In ya naɗe bayan farfela, shina cin robar da ke hana ruwa shiga. Ruwa ya shiga, inji ya mutu. Kowace Juma'a ka cire waya daga batir, ka kwance farfela, ka tsince zare da ciyawa.

Akwai abin da nike so ku riƙe da kyau. Wanga inji na ruwan kwance ne. Ba shi iya faɗa da Maggiya ran da ta kawo. Ba shi iya faɗa da iskar hadari. Kada wani shi ce tunda ga inji, bari a ƙara mutum biyar da buhunnan albasa. Inji ba shi ƙara ma jirgi ciki. A watan Agusta 2025 jirgi ya kife da mutane fiye da 50 bisa hanyar kasuwar Goronyo, nan ƙetaren iyaka cikin jihar Sakkwato. Gora da filafili su zauna cikin jirgi kullum. In babu rigar ruwa, a ɗaura jarka biyu wofi masu murfi.

Wani za shi ce mini: malam, abin na da tsada, ba mai gyara kusa, batir kuma shekara biyu ko uku ya gaji. Gaskiya ne. Shi ya sa ban ce kowa shi saya ba. Mai tabki ƙarami, da za shi ƙetare da gora kafin shayi shi dahu, ba shi bukatar inji ko kaɗan. Wanda ya ci bashi shi kaɗai don wanga abu, gonarshi ya sa jingina. Amfaninshi na ga babban ruwa, kuma ga aikin jama'a: kwaso kifi da sassafe kafin rana ta ɓata shi, zuba ɗiyan karfasa da tarwaɗa, zagayawa a ga masu taru mai ƙananan ido. Inji guda ya ishi ƙungiya guda.

Akwai tsoro ɗaya kuma. In kowa ya samu inji, kowa za shi shimfiɗa taru ninki biyu, kifin kuwa bai ƙaru ba. Don haka kafin a kashe ko dala, ku zauna da sarkin ruwa da ma'aikacin gandun daji. In ruwan baraji ne, ku nemi yardar ƙungiyar masu ban ruwa, don su anka tara ma shi. Ku rubuta cikin littafin ƙungiya wa ke riƙe inji, nawa ake ajewa kowace kasuwa don sabon batir, da watannin da ba a shiga da shi. Ku rubuta har inda za a kai tsohon batir. Dalma da ruwan guba ke cikinshi. A maida shi ga mai sayarwa, kada a bar shi bakin ruwa inda yara ke wasa.