Stormzy, Boga da Gobarar Grenfell

A watan Fabrairun 2025 abubuwa biyu suka faru a Birtaniya, kwanaki kaɗan ne tsakaninsu. Gwamnati ta sanar da cewa za ta rushe abin da ya rage na dogon benen Grenfell da ke yammacin Landan, inda gobara ta ci rayukan mutum 72 a watan Yunin 2017. Sai kuma kamfanin McDonald's ya fito da wata talla da mawaƙin gambarar zamani Stormzy, har aka laƙaba wa wani haɗin abinci sunansa. Duk wanda ya leƙa shafukan sada zumunta a makon ya san wanne daga ciki ya fi tayar da ƙura.

Ba zan wanke Stormzy ba. Tun daga Oktoban 2023 jama'a a ƙasashe da dama suke ƙaurace wa McDonald's, bayan da masu riƙe da reshensa na Isra'ila suka raba wa sojojin ƙasar abinci kyauta. Shi kuwa ya riga ya fito fili ya goyi bayan Falasɗinawa, kuma aka nemi wannan rubutu nasa a Instagram aka rasa. Ya ce ya ɗauke shi ne tun shekarar da ta gabata tare da wasu rubuce-rubuce masu yawa, kuma babu kamfanin da ke juya shi. Ko da an yarda da hakan, mutumin da ya kai matsayinsa ba yunwa ce ta kai shi teburin McDonald's ba. Ya yi kuskure, kuma Jeremy Corbyn, wanda Stormzy ya mara wa baya a lokutan zaɓe, ya yi daidai da ya nuna takaicinsa.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne ma'aunin da aka auna shi da shi.

An haifi Michael Omari Owuo a 1993, ya tashi a yankin Croydon na kudancin Landan a hannun mahaifiyarsa 'yar ƙasar Gana. Kafin waƙa ta karɓe shi, aiki yake yi a wata matatar mai a Southampton. Kiɗan da ya ɗauka, wato grime, ya tsiro ne a gabashin Landan a gidajen rediyon da ba su da lasisi, kuma hukuma ba ta taɓa ɓoye ƙyamarta gare shi ba. Tun daga 2005 'yan sandan Landan suka ƙaƙaba wa masu shirya wasanni wata takarda mai lamba 696, wadda a farkonta har ƙabilar 'yan kallo take tambaya, kuma da ita aka riƙa soke wasannin matasa baƙar fata. Ba a janye ta ba sai a Nuwamban 2017. A shekarar ne kundinsa na farko, Gang Signs & Prayer, ya hau matsayi na ɗaya a Birtaniya, abin da wani kundin grime bai taɓa yi ba.

Mai neman tsira da mutuncinsa da ya yi shiru daga nan. Amma a bikin kyaututtukan Brit na Fabrairun 2018, daren da ya lashe manyan kyaututtuka biyu, sai ya tsaya gaban kyamara ya kira sunan Firaminista Theresa May, ya tambaye ta inda kuɗin mutanen Grenfell suka shige. Washegari fadarta ta mayar da martani. Ya kuma tura mabiyansa su sa hannu a takardar koken da waɗanda suka tsira suka shigar, suna neman a ƙara wa alƙalin binciken mataimaka. Sa hannun ya haura dubu ɗari, kuma a watan Mayu gwamnati ta miƙa wuya. 'Yan majalisa nawa ne za su iya nuna aiki irin wannan a kan Grenfell?

Rahoton ƙarshe na binciken Sir Martin Moore-Bick ya fito a Satumban 2024. Ya ce da an yi abin da ya kamata, da ba a rasa rai ko ɗaya ba. Ya ambaci kamfanoni uku da sunayensu, Arconic da Kingspan da Celotex, ya ce sun yi rashin gaskiya da gangan game da kayan da aka lulluɓe bangon ginin da su, kayan da suka zama makamashin wutar. Ya ce gwamnatoci sun yi kunnen uwar shegu da gargaɗi, har bayan gobarar Lakanal House ta 2009 da ta kashe mutum shida. Firaminista Keir Starmer ya nemi afuwa a majalisa. Ranar da tallar boga ta fito, shekara bakwai da watanni bayan gobarar, babu mutum ɗaya da aka gurfanar a kotu kan mutuwar waɗannan bayin Allah.

Ka tambayi masu jifan Stormzy sunan shugaban ɗaya daga cikin kamfanonin nan uku. Da wuya ka samu amsa. Fuskar mawaƙi kowa ya san ta, shafinsa a buɗe yake, zaginsa ba ya buƙatar karanta rahoto mai shafi fiye da dubu. Gurgu ya fi mai ƙafa sauƙin kamawa.

Haka abin yake a wajen masu yabonsa ma. Tun 2018 yake biya wa ɗalibai baƙar fata kuɗin karatu a Jami'ar Cambridge, ya fara da biyu a shekara, kuma a 2020 ya yi alkawarin fam miliyan 10 cikin shekara goma don yaƙi da wariyar launin fata. An tafa masa, kuma ya cancanci tafin. Sai dai jami'ar da ta haura shekara 800, mai tarin dukiya, ita ya kamata kunya ta kama da sai da ɗan Croydon ya buɗe aljihunsa. Masu yabo da masu zagi sun haɗu a wuri ɗaya: kowannensu ya ɗora wa mawaƙi kayan da na hukuma ne.

A 2019 ya zama baƙar fata ɗan Birtaniya na farko da ya jagoranci babban dandalin bikin Glastonbury shi kaɗai. Rigar da ya sa a daren sulke ce irin mai tare wuƙa, wadda mai zane Banksy ya yi masa, da tutar Birtaniya a ƙirjinta, an shafe launukanta sun koma baƙi da fari.